Kofin 2013: Keshi kaɗai muke yabo, ina waɗanda suka zauna a gefensa?

Duk ranar da Super Eagles ta sha kashi, magana ɗaya ce ke fitowa daga gidajen kallon unguwar nan: a kori koci. Mai shayi ya faɗa, ɗan canji ya faɗa, hatta dattijon da rabonsa da kallon ƙwallo tun zamanin Rashidi Yekini sai ya tofa albarkacin bakinsa. Mu ma mun sha faɗa. Amma tsayar da duk wanda ka ga dama cikinmu, ka tambaye shi sunan mai horar da masu tsaron raga, ko wanda ke tsayawa kan 'yan baya a filin atisaye, sai ka ga an fara sosa ƙeya. Mutum ɗaya muke gani a talabijin yana ɗaga hannu a bakin layi, shi muke ɗora wa nasara, shi muke ɗora wa faɗuwa. Babu inda wannan kuskuren namu ya fito fili kamar a labarin Kofin Afirka na 2013.

A ƙarshen 2011 aka miƙa wa marigayi Stephen Keshi ƙungiyar, bayan ta kasa ko samun gurbin gasar 2012 a hannun Samson Siasia. Ba shi kaɗai ya zo ba. A gefensa akwai Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna, wanda suka ɗauki kofin 1994 tare. Akwai Sylvanus Okpala, ɗaya daga cikin waɗanda suka ci kofin 1980 a Ikko. Akwai Valere Houandinou, wanda ya daɗe yana aiki da shi. Sai Ike Shorunmu, tsohon golan Shooting Stars ta Badun, mai kula da masu tsaron raga. Abin sha'awa ma, a gasar duniya ta 2002 daga hannun Shorunmu ɗin nan Vincent Enyeama ya karɓi raga a wasan Ingila, sai ga shi bayan shekara goma shi ke horar da Enyeaman.

Aikin da waɗannan mutane suka yi a 2012 shi ne ba mu gani ba, don ba a haska shi a gidan kallo. Sun riƙa tara 'yan wasan gida a sansani a Abuja, makonni a jere, ana atisaye ana buga wasannin sada zumunta da kusan ba wanda ya damu da su. Koci ɗaya ba zai iya sanin yara masu yawa haka ba. Dole sai da wanda ke lura da wa ke gajiya da wuri, wa ke tsorata idan an daka masa tsawa, wa ke jin magana sau ɗaya. Daga wannan tankaɗe da rairaya ne mutum shida suka shiga jerin masu zuwa Afirka ta Kudu, cikinsu har da Godfrey Oboabona na Sunshine Stars, da Reuben Gabriel na Kano Pillars, da Sunday Mba. Aka bar Osaze Odemwingie da Obafemi Martins a gida. Mu tuna gaskiya fa, zagi muka yi a lokacin.

Farkon gasar kuwa kamar zai ba masu zagi gaskiya. Kunnen doki da Burkina Faso, ɗaya da ɗaya, an farke mana a daƙiƙun ƙarshe. Haka aka sake yi da Zambiya. Sai da Victor Moses ya ci fenareti biyu a ragar Habasha sannan muka tsallake. To a nan ne hannun benci ya bayyana. Kyaftin Joseph Yobo ya ji rauni, aka sa Kenneth Omeruo, yaro ɗan shekara 19, kusa da Oboabona, kuma ko da Yobo ya warke ba a raba su ba. Aka shigo da Ogenyi Onazi tsakiya ya riƙa yin aikin wahala, Mikel Obi ya samu sararin raba ƙwallo. Mba, wanda ba da shi aka fara gasar ba, ya zama ɗan sahun farko.

A zaunar da kyaftin a benci ya yi shiru, ya ci gaba da ƙarfafa wa yaron da ya gaje shi, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Mun san halin manyan 'yan wasanmu. Sai an samu mutanen da suka taɓa riƙe kofin da hannunsu, waɗanda idan suka ce ka yi haƙuri ba za ka iya ce musu me kuka sani ba. Haka shi ma Mba. A wasan Kodebuwa, ga Drogba ga Yaya Toure, ana ɗaya da ɗaya, ya ɗauko ƙwallo tun daga tsakiya ya ƙi bai wa kowa, ya yi ta tafiya har ya buga ta shiga. Ɗan wasan gida da bai saba da irin wannan fage ba, abin da aka fi sani shi ne ya yi maza ya miƙa wa babba ya huta da laifi. Yaro ba ya yanke irin wannan shawara a cikin daƙiƙa biyu sai idan an shafe watanni ana gaya masa cewa in ya ɓarar ba za a ci mutuncinsa ba. Aka lallasa Mali huɗu da ɗaya, Ahmed Musa na cikin waɗanda suka ci. Ranar 10 ga Fabrairu Mba ya sake cin guda ɗayan da ta ba mu kofi a kan Burkina Faso.

Duk wannan yabo ne, kuma sun cancanta. Sai dai abin da ya biyo baya ba mu yi masa adalci ba.

Ba a jima da dawowa da kofi ba hukumar ƙwallon ƙafa ta sallami Okpala, wai babu kuɗi. Wallahi ba mu ji an yi ko cacar baki a kansa a wajen mai shayi ba. Da Keshi aka taɓa, da ƙasa ta ɗauka, kamar yadda ta ɗauka lokacin da ya ce ya ajiye aiki kashegarin wasan ƙarshe kafin a lallashe shi. Ƙungiyar ba ta rushe nan take ba. A farkon 2014 'yan wasan gida sun farke uku da Maroko ta zura musu kafin hutun rabin lokaci, suka ci huɗu da uku, kuma a Birazil mun kai zagaye na biyu kafin Faransa ta fitar da mu. Amma a ganinmu an riga an cire wa bencin wani abu. Okpala ya riga Keshi shiga ƙungiyar ƙasa. Amokachi kuwa a ƙarƙashin kyaftancin Keshi ya taso, shi ma Valere Keshi ne ya ɗauko shi. Ƙane yana iya ba wa yayansa shawara, amma da wuya ya tsaya a gabansa ya ce wannan kam ba za a yi ba.

Ga kuma inda muke ganin laifin Keshi kansa. Taurin kan da ya sa ya yarda da Mba lokacin da kowa ke dariya, shi ne ya sa ya rufe wa Ikechukwu Uche ƙofa alhali yana cin ƙwallaye a Villarreal, aka tafi Birazil ba shi. Odemwingie da aka yi sulhu da shi, ai shi ya ci mana Bosniya. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa rufe ƙofa ba kullum ne yake zama hikima ba.

Shi kuma Mba, wanda ya ci mana kofi, ya dawo ya tarar Warri Wolves da Enugu Rangers suna jayayya kan ko na wane ne. Watannin da kasuwarsa ke tashe suka wuce a haka, ya ƙare a wata ƙungiya mai buga rukuni na biyu a Faransa, aka tafi gasar duniya babu sunansa. Mutanen da suka koya masa ƙarfin halin buga ƙwallo a gaban Drogba, da a ce irin wannan kulawa ta bi shi har teburin kwantiragi, wataƙila da labarin ya sha bamban. Yaron da bai da uba a harkar, maganar kocinsa ita ce doka, a fili da wajen fili.

Shi ya sa wannan kujera ta gefen koci take da haɗari idan ba a sa mata ido. A 2018 an nuno Salisu Yusuf, mataimakin Gernot Rohr kuma mai riƙe da 'yan wasan gida, yana karɓar kuɗi daga 'yan jarida da suka yi shigar dillalan 'yan wasa. Ya ce kyauta ce, kuma ba ta sauya zaɓinsa ba, hukuma dai ta dakatar da shi shekara guda. Da yawa cikinmu a ranar suka fara tambayar wane irin iko mataimaki yake da shi wajen fitar da sunaye.

Ƙungiyar Keshi a Uyo ta ƙare, a Nuwamban 2014, da kunnen doki biyu da biyu da Afirka ta Kudu. Mai riƙe da kofi ta kasa zuwa kare kofinta. A Yulin 2015 aka sallame shi, aka kawo Sunday Oliseh da nasa mutanen, mu kuma muka koma gardamar ko Oliseh zai iya.