Jinjina ga Injiniyoyin da Manomi ke Gane Maganarsu

Ana yawan cewa injiniya ya iya lissafi amma bai iya bayani ba. Fakon Keita da Tamaske ya ƙaryata wannan zance. Tun 1984, lokacin da aikin raya karkara na Keita ya kankama da kuɗin Italiya da jagorancin FAO, masu fasahar suka fuskanci matsalar da ta fi zanen madatsa wuya: yadda dubban mutanen ƙauye, galibinsu mata, za su jera duwatsu daidai da kwanciyar ƙasa ba injiniya a tsaye kansu. Ramin rabin wata misali ne. Bakinsa ya fuskanci tudu, inda ruwa ke gangarowa, kuma ramin layin ƙasa ya tare gibin da na sama suka bari. In aka juya ramin, ruwan damina ya wuce abinsa, gumi ya tafi a banza. Wanda ya mai da wannan ƙa'ida zane guda da jimla biyu a takarda ya cancanci yabo.

Za a ce irin waɗannan takardun da Faransanci ake rubuta su, manomin yankin kuwa ba ya karanta su. Gaskiya ne, kuma aibi ne da ya kamata a ce an gyara tuntuni. Sai dai takardar da aka tsara dalla-dalla ita ce malamin gona ke iya juyawa zuwa Hausa bai ɓata awo ba. Ruɗaɗɗiya tun a bakinsa take lalacewa. Shi ya sa RECA, haɗakar majalisun manoman Nijar, ke iya mai da takardunta na fasaha saƙon murya da Hausa, ya isa wayar mai albasa a Madawa.