Farfesun Ƙafar Sa a Tukunyar Firesha

Ƙafar sa ba ta nuna da gaggawa. Duk wadda ta taɓa ɗora ta a murhu ta san sai ta ba ta awa uku ko huɗu, tana iza wuta tana ƙara ruwa, kafin jijiyar ta saki. A Auyo da ƙauyukan da ke bakin kogin Haɗejiya, inda fili ya koma fadamar shinkafa da alkama da tumatir, itacen girki kuma sai an sa kuɗi, waɗannan awowi ba ƙaramar asara ba ce ga mai dafa farfesun sayarwa. Shi ya sa wasu matan suka koma ga tukunyar firesha, wato tukunyar nan da murfinta ke kullewa gam, tururi ba ya samun mafita sai ta 'yar ƙofa guda.

Mai kallo daga nesa zai ce tukunyar ce ke yin aikin. Wanda ya zauna kusa da gwanar abin kuwa zai ga ta gama rabin aikinta tun tukunyar ba ta ga wuta ba. Za ta babbake ƙafar har gashin ya ƙone ƙurmus, ta kankare da wuƙa har fatar ta yi fari tas, ta ɓare kofaton, ta bi tsakanin yatsun ta wanke, domin nan datti ke ɓuya. Wurin mahauci ma ba ta barin sa ya sare yadda ya ga dama. Gunduwa-gunduwa take so, kusan kai ɗaya, saboda da zarar an rufe murfi babu damar tsame ƙarama a bar babba ta ƙarasa.

Sannan ta juya kan tukunyar. A cikin murfin akwai zoben roba wanda shi ke toshe tsakanin murfi da baki. Za ta zare shi, ta ja shi a hankali tsakanin yatsunta, ko ya tsage ko ya bushe. A tsakiyar murfin akwai siririn bututu, hanyar numfashin tukunya ke nan. Sai ta ɗaga murfin sama ta leƙa ta cikinsa. In ta hango haske, hanya a buɗe take. In ba ta hango ba, tsinke za ta sa ta zungure. A kan bututun ake ɗora 'yar hular ƙarfe mai nauyi, ita ce ke danne tururi har sai ya yi ƙarfin ɗaga ta. A gefe kuma akwai ƙofar ko-ta-kwana, wadda ke buɗewa da kanta idan bututun ya toshe.

Hikimar abin a wuri ɗaya take. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Selsiyas, kuma ko an ƙone itacen gari kaf ba zai wuce nan ba, sai dai ya ƙafe. Idan aka tsare tururin ya danne ruwan, tafasar takan kai wajen digiri 120. Wannan ƙarin digiri 20 shi ke narkar da jijiya da guringuntsi su koma romo mai danƙo cikin kamar awa guda. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Denis Papin, shi ya ƙera tukunyar farko a Landan a 1679, kuma da ya rubuta littafi a kanta a 1681, a matsayin na'urar tausasa ƙashi ya gabatar da ita. Shi ne kuma ya ƙirƙiro ƙofar da nauyi ke dannewa don kada tukunya ta fashe. Abin yana burge ni: matsalar da ta sa shi aiki ita ce dai wadda mai farfesu ke fama da ita yau.

Gwana ba ta rufe murfi nan take. Takan bari ƙafar ta yi tafasa ɗaya a buɗe, ta kwashe kumfar da ta taso, don romo ya fita garau kuma kada kumfar ta haye bututu. Daga nan ta zuba albasa, tafarnuwa, dakakkiyar citta, kanumfari, masoro, kimba kaɗan, da daddawa. Ruwa kuwa iya wanda zai sha kan nama, tunda ba ƙafewa zai yi sosai ba, kuma duka-duka kada abin ya wuce kashi biyu cikin uku na tukunya. Saman nan da aka bari wurin taruwar tururi ne. Kanwar da iyayenmu ke jefawa don nama ya yi laushi ba ta da aiki a nan, banda ma tana tayar da kumfa tana dusashe tukunyar alminiyam.

Wurin wuta ne ake gane wadda ta iya. Harshen wutar itace yana lasar gefen tukunya ya ƙone mariƙinta, don haka gawayi ko gas ya fi. Da farko wuta sosai, har 'yar hular ta fara rawa tana huci. Nan ne lissafin lokaci ke farawa, ba daga ɗora tukunya ba. Mai gas sai ta rage wuta kawai. Mai gawayi kuwa sai ta janye rabin garwashin gefe, ta barbaɗa toka a kan sauran. Daga nan ido ya gama aikinsa, sai kunne da hanci. Huci a hankali a kai a kai, lafiya lau. Ihu babu tsayawa, wuta ta yi yawa, ruwa na gudu a banza. Shiru kwatsam alhali garwashi na ci, wannan shi ne abin tsoro: ko bututu ya toshe ko ruwa ya ƙare, sai a sauke ba tare da jinkiri ba. Za ka ga matar tana yanka albasa, tana amsa gaisuwar maƙwabciya, amma kunnenta ɗaya yana kan tukunya. Wadda ta watsa komai ciki lokaci guda ta tafi hira, ita ce kan dawo ta tarar da ƙauri, ta ce wai tukunyar zamani ba ta daɗin girki.

Bayan an sauke ma da sauran haƙuri. Yarinya ta kai hannu kan murfi, sai ka ji uwar ta ce, "Ke, ƙyale ta! Ba ki ji har yanzu tana numfashi ba?" Sai ta janye hannu, "To, Inna." Minti 10 zuwa 15 ake ba ta ta huce da kanta, kuma a wannan zaman naman yana ƙarasa nuna. Sai an taɓa 'yar hular an ji babu sauran huci sannan a murɗe murfi, a karkata shi gaba don tururi ya kauce wa fuska. Sai a mayar da ita wuta a buɗe, a zuba attaruhu da ɗanyar albasa, a ɗanɗana gishiri. Ƙamshin kayan nan ba ya jure matsi, shi ya sa ake ajiye su sai ƙarshe.

Wannan girki mai hawa biyu shi Faransawa ke yi da abincinsu na gado, pot-au-feu, wanda ɗan'uwan farfesu ne: naman ƙwauri da ƙashi mai ɓargo, karas, kabeji, da albasar da aka soka wa kanumfari. A da awa uku zuwa huɗu yake sha a kan wuta. Tun da kamfanin SEB ya fito da tasa tukunyar a 1953, wadda ake kira Cocotte-Minute, ta shiga gidajen Faransa birni da ƙauye. Su ma nama suke fara rufewa shi kaɗai, su buɗe, sannan su zuba kayan lambu su ba shi 'yan mintuna. Romon suke fara sha, ɓargon kuma su shafa a burodi su barbaɗa gishiri.

Gwana ta san kuma abin da ba ya shiga. Ɗanyar tarwaɗar kogin Haɗejiya in ta shiga firesha sai ta dagargaje, ƙaya da tsoka su haɗe. Tuwo da kunu da miyar kuka kauri gare su, suna iya toshe bututu. Wake yana shiga, amma kada ya wuce rabin tukunya, saboda yana kumbura kuma yana kumfa. Ganda, kayan ciki, kai da ƙafa, da tsohon zakara, waɗannan su ne abincinta.

'Yar'uwa, in za ki sayi tukunyar nan, ki tabbata ana samun zoben robarta a kasuwa, ki sayi guda ki ajiye. Kada ki ɗora dutse a kan hular, kada ki cusa tsumma a inda tururi ke yoyo, kuma kowace rana kafin ki rufe, ki ɗaga murfin ki leƙa bututun.