Lambar Yabo a Matsayin Hujjar Tarihi: Tarken Hanyar Masu Tara Kayan 'Yan Mazan Jiya

Abin da wannan takarda ta sa gaba shi ne auna wani ra'ayi da ya sami gindin zama tsakanin masu tara lambobin yabon soja, har ya soma shiga bakin ɗalibanmu na tarihi, watau cewa lamba ita kaɗai ta isa shaida a kan wanda ya rataya ta. A ganina wannan ra'ayi ba shi da ƙarfin da ake ba shi, musamman in an zo kan 'yan mazan jiya na ƙasar Hausa.

Bari mu soma da Tauraruwar Bama. Ingila ta ba da ita ga wanda ya yi aiki a fagen yaƙin Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945. 'Yan Arewa da yawa sun cancance ta, domin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta gwabza a kwarin Kaladan cikin 1944, ta 82 kuma ta ratsa Arakan, aka karɓe Myohaung a Janairun 1945. To, amma an raba waɗannan taurari ba tare da an buga sunan kowa a bayansu ba. Ke nan ranar da jikan tsohon soja a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya ciro ta kakansa daga adaka ya miƙa wa dillali, ta koma tagulla da ƙyalle kurum, ba mai iya bambanta ta da ta Baturen Manchester.

Mai tarawa zai ce ai akwai lambar daɗewa a aiki da kyawun hali, wadda aka ƙirƙiro wa sojan Afirka ta Yamma a 1903. Ta azurfa ce, sai an shekara 18 ana aiki ake samunta, kuma a gefenta akan buga lambar soja da muƙaminsa da sunansa. Gaskiya ne. Sai dai wane suna? Akawun bariki yakan rubuta sunan yanka ya liƙa masa sunan gari: Musa Kano, Garba Katsina, Audu Zariya. Musa nawa ne a Kano? Har ila yau, da yake Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, mutane da dama waɗanda ba Hausawa ba sun shiga soja da sunayen Hausa. Wanda ya ɗauki rubutun gefen lamba ya gina ƙabila da asali a kansa ya yi gini a kan rairayi.

Dubi Samanja Chari Maigumeri, wanda barikin Lokoja ke ɗauke da sunansa. Ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru, aka kama shi a Garwa cikin 1915, ya koma rundunar Ingila a 1917, ya ga Habasha da Bama, ya yi ritaya a 1953. Da lambobinsa kaɗai muka gada, da ba mu san yadda aka yi mutum guda ya bauta wa tutoci biyu masu gaba da juna ba. Rubutu da bakin mutane suka tsare mana wannan.

Nan ne kuwa laifin kundayen gidajen gwanjo na London yake. Sukan ɓata layi a kan lafiyar azurfa da ƙarzuwar gefenta, su wuce mai lambar da kalma biyu. Littafin sallama, wanda ke nuna ranar shiga da ranar fita da shaidar hali, shi ne ya fi saurin salwanta, gara ta ci ko a zubar, don ba ya ƙyalli.

Shawarata ga sassan tarihi na kwalejojinmu ita ce a bar lamba a gidanta. A tura ɗalibai su ɗauki hotonta gaba da baya, su kwafe littafin sallama, su naɗi abin da 'ya'ya da jikoki suka ji daga bakin tsohon, da sunan mahaifinsa da unguwarsu ta asali, sa'an nan a ajiye kwafi guda a Gidan Makama.