Kalmar "Maƙwabci" a Linjilar Luka da Aikin Mai Sharhi

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Likita Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, har zuwa sabon juyin 1979, masu fassara sun aro kalmomin da suka daɗe da zama a bakin Hausawa. Wannan ba laifi ba ne. Amma fa kowace kalma da kayanta take zuwa, mai sharhi kuwa wajibi ne ya kwance kayan ya duba.

Mu ɗauki misalin Basamariye a Luka 10:25-37. Wani masanin Attaura ya nemi Yesu ya faɗa masa ko wane ne maƙwabcinsa. Kalmar Helenanci da ke wurin ma'anarta "na kusa" ne kawai. Ta Hausa kuwa ta fi ta nauyi, ta kuma fi ta ƙunci. Maƙwabci shi ne wanda kuka haɗa katanga, wanda za ka je wa suna da jana'iza, ka aika masa da tuwon salla. Malaman Musulunci sun kai iyakar haƙƙinsa har gida 40, ko da addini bai zama ɗaya ba. Watau dai a Hausa zama ne ke haifar da maƙwabtaka.

Labarin kuwa ya juya wannan ma'auni. A hanyar Urushalima zuwa Yariko aka yi abin, inda ba gida ba katanga. Firist da Balawe, 'yan'uwan wanda aka yi wa fashi, suka ratse. Baƙon da ake ƙyama ya tsaya. A nan jinƙai ne ya haifi maƙwabtaka.

Sharhin da aka juyo daga Turanci ba zai ga wannan saɓani ba, domin ba a kan kalmarmu aka gina shi ba. Iyakarsa ya ce a kyautata wa kowa. Gaskiya ne, amma bai taɓa inda ke yi wa mai karatu ƙaiƙayi ba.

Babu inda maganar ta fi nauyi kamar Kaduna. Bayan tarzomar 2000 da ta 2002, Kirista da yawa suka ƙaura zuwa kudancin kogi, irin su Barnawa da Sabon Tasha, Musulmi kuma suka tattaru a arewa, irin su Kawo da Tudun Wada. Duk da haka majami'ar HEKAN da ke Titin Katsina tana nan a arewa. In an bar kalmar a ma'anarta ta unguwa, masu ibada da dama za su ɗauka umarnin ya tsaya kan waɗanda suke addini ɗaya da su, tun da su ne a bayan katangarsu yanzu.

Saboda haka ba canja kalmar muke nema ba, gama babu wadda ta fi ta. Abin da ya kamata mai sharhi, da malamin da ke horar da masu wa'azi, shi ne su riƙe nauyin haƙƙi da Bahaushe ya ɗora mata, sa'an nan su nuna cewa nassin ya haye da haƙƙin nan gada.