Mun dusashe bango, mun bar fuskar maraya

Hotunan biki na wannan zamani kusan duk kamanninsu ɗaya. Amarya ta fito tar, har kana iya ƙirga duwatsun sarƙarta, amma duk abin da ke bayanta ya narke ya koma hazo. A da sai mai babbar kyamara da gilashi mai tsada ke iya wannan, domin gilashin ne ke kama abu ɗaya ya saki sauran. Tun da kamfanin Apple ya saka dabarar a iPhone 7 Plus a 2016, sauran kamfanoni suka bi sahu, ta zama ta kowa. Wayar kintatar nisa take yi, ta ware mutum daga bayansa, sannan manhaja ta shafa hazon. Shi ya sa wani lokaci za ka ga ta cinye gefen ɗankwali ko bakin hula.

Ban ƙi salon ba. Idan aka yi shi da hannun gwani, yana jan ido zuwa ga fuska, yana kuma rufa wa tsakar gida asiri ranar da shanya ta cika igiya. Amma yawansa ya fara damuna. Wanda ya taɓa zama da tsofaffin hotunan Kano ko Zinder ya san cewa rabin daɗinsu a bayan mutanen yake: zanen bangon zaure, keken da aka jingine, yaron da ya leƙo ba a gayyace shi ba. Jikokinmu za su gaji dubban fuskoki masu sheƙi, su rasa sanin a wane irin gida aka yi bikin.

Wannan ƙaramin ƙorafi ne. Babban yana wani wajen.

Wayar da ke dusashe bango don kwalliya, ita ce dai ake ɗaukar yarinyar da aka ci wa zarafi da ita, a ɗora a Facebook fuska a buɗe, wai ana nema mata haƙƙi. Haka ake yi wa mara lafiya a gadon asibiti idan ana neman taimako, da marayun da aka jera suna riƙe da buhun shinkafa, da gawar wanda ya yi haɗari tun danginsa ba su ji ba, da wanda ake zargi tun bai ga alƙali ba. Niyyar mai ɗorawa takan kasance mai kyau, na yarda. Sai dai taimakon kan ƙare cikin wata guda, hoton kuwa yana nan har ranar da za a zo neman auren yarinyar.

Ba kayan ɓoye fuska ne babu ba. Google ya fara dusashe fuskokin masu wucewa a hotunan tituna na Street View tun 2008, kuma da tsarin ya isa Jamus a 2010, iyalai sama da 244,000 suka nemi a dusashe gidajensu ma. YouTube ya samar da maɓallin ɓoye fuska a 2012. Manhajar saƙonni ta Signal ta ƙara nata a 2020, lokacin zanga-zangar kisan George Floyd a Amurka, don kada hoton da mutum ya ɗauka ya zama sanadin kama wani. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

To amma ko masu ƙoƙarin sakayawa a cikinmu, da yawa mayafi shara-shara suke yafa wa mutum su ce sun suturta shi. A ɗan shafa hazo a kan idanu, a bar hanci da baki da tsagar kumatu. Hakan ba ya hana a gane kowa. Wani ɗan Kanada, Christopher Paul Neil, da ake nema kan lalata da yara, ya murɗe fuskarsa a hotuna da manhaja yana ganin ya tsira. Ƙwararrun 'yan sandan Jamus suka warware murɗin, Interpol ta watsa hoton a 2007, ba a yi mako biyu ba aka cafke shi a Tailan. A nan an yi murna, domin mugu aka kama. Amma a 2016 masu bincike daga Jami'ar Texas da ke Austin da Cornell Tech sun nuna cewa ana iya horar da kwamfuta ta gane fuskokin da aka dusashe, har da waɗanda aka ɓoye da maɓallin YouTube. Kwamfuta kuwa ba ta tambayar ko mai fuskar azzalumi ne ko wanda aka zalunta.

Mu ma ba sai an kai ga kwamfuta ba. A unguwa, atamfar da mace ta ɗaura ta isa, balle launin ƙofar gidansu ko rigar makarantar ɗanta mai ɗauke da suna ɓaro-ɓaro. Wani ma sai ya rufe fuska tsaf, ya koma ƙasan hoton ya rubuta sunan layi da sunan mahaifi.

Idan sutura ake nufi, a rufe fuskar gaba ɗaya da baƙin tambari, a yanke duk abin da ke nuna wuri, a sauya murya idan bidiyo ne. A kuma tambayi mai fuskar, ko iyayensa in yaro ne, kafin a ɗora. Ƙungiyar da ke son gamsar da masu ba da sadaka tana iya nuna buhunan da rasit, ta nuna hannayen da suka karɓa. Wanda ya nace sai ya ga fuskar maraya kafin ya ba da dubu biyar, a ba shi adireshin ofis ya zo da ƙafarsa.