Tulu da Amshi: Yadda Matan Zumunta Ke Rainon Bangaskiya

Akwai wata magana da ke yawo a bakin wasu matasan ikkilisiya, musamman waɗanda suka ɗan zauna a Kaduna ko Jos ko Abuja suka dawo gida Katsina da takardar shaida a hannu. Wai waƙoƙin Zumuntar Mata abincin jarirai ne. Layi ɗaya ake ta nanatawa har a gaji, in ji su, babu zurfin koyarwa a ciki. Duk mai son ya girma cikin Ruhu sai ya nemi littattafai, ya halarci taron bita, ya riƙa sauraron manyan masu wa'azi a waya. Har aya gare su ta kafa hujja, wato ƙarshen sura ta 5 ta Ibraniyawa, inda aka bambanta mai shan madara da mai cin abinci mai tauri. Ayar ba ta da laifi. Su ne ba su karanta ta har ƙarshe ba, kuma za a zo kan wannan.

Tarihin ikkilisiya a ƙasar Katsina ba mai tsawo ba ne. Turawan mulki sun daɗe suna tare 'yan mishan daga shiga masarautu. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya ba da ƙarfinsa a kai, amma ƙofar Katsina ba ta buɗe sosai ba sai a 1937, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, da aka danƙa wa mishan ɗin SIM jinyar masu cutar kuturta. Mazauninsu shi ne Babbar Ruga, a kan hanyar da ta fita daga birnin Katsina zuwa Batsari, wurin da yau aka fi sani da asibitin masu yoyon fitsari. Irinsa aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. A 1954 ikkilisiyoyin SIM suka zama ECWA. Masu bishara 'yan ƙasa suka bazu cikin gidajen Maguzawa, kuma a shekarun 1970 jama'a da yawa suka karɓi baftisma a wajejen Malumfashi da Ƙafur da Ƙanƙara. Can ne ƙarfin Hausawa Kiristoci na jihar yake har gobe. A Batsari da Safana, ƙasar Sarkin Ruma da ta Yarima, Kiristoci tsiraru ne ƙwarai, kuma a irin wannan wuri ne ake ganin abin da ke riƙe mai bi idan babu taron jama'a a bayansa.

Masu rubuta tarihin ikkilisiya sun fi son ambaton makarantun Littafi, irin su Kagoro da Tofa, da mazan da suka fito daga cikinsu. Ba a cika tambayar abin da matar mai bishara take yi ba sa'ad da mijinta ya hau keke ya tafi ƙauyen gaba. Ita ce ke tara matan gida a inuwa, waɗanda yawancinsu ba su taɓa riƙe fensir ba. Akwai Littafin Waƙoƙi, gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai raina shi, don da shi aka binne iyaye da kakanni. Amma littafi ne na mai karatu, baiti huɗu ko biyar a jere, kuma muryoyin yawancin waƙoƙinsa daga Ingila da Amurka aka ɗauko su. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, mai gaɓa doguwa da gajera. Idan aka ɗora kalmominta a kan muryar da aka tsara don wani harshe, sai ka ji an ja gaɓar da ya kamata a datse, an ɗaga inda baki ya saba saukewa. Mai littafi a hannu yana gane abin da ake faɗa. Tsohuwar da kunne kawai ta dogara da shi takan kama rabi ta rasa rabi.

Sai matan suka koma ga abin da suka iya tun suna 'yan gaɗa a dandali: waƙar niƙa, waƙar daɓe, tsarin zabiya da 'yan amshi, irin wanda Barmani Coge ta Funtuwa ta shahara da shi a kiɗan ƙwarya. 'Yan mishan na farko ba su sake da ganga a majami'a ba, suna ganin tana wari-warin bori. Tulu kuwa kayan ɗaki ne, wa zai hana mace tulunta?

A duba shi da kyau a ranar taron mako. Mai kiɗan tana zaune a kan benci ko kujera 'yar tsugunno, tulun ƙasa a gabanta, a hannunta wani faffaɗan soso da aka ɗaure. Idan ta buga bakin tulun, iskar ciki ce ke amsawa da wata murya mai kauri wadda ake ji a ƙirji kafin kunne. Gefenta mai caki, sai mai buga ƙarfe da ke riƙe lokaci. Babu lantarki a cikin lissafin, babu takarda. Wata ta goya, wata ta zo da kwandon da za ta wuce da shi cefane. Mai bayarwa ta miƙe ta jefa layin farko, sauran suka cafe.

A nan ne masu sukar suke ganin talauci, a nan kuma dukiyar take. Manazarta waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun raba waƙa zuwa gindi da ɗiya. Gindi shi ne abin da 'yan amshi ke komawa gare shi, ɗiya kuma su ne abin da jagora ke kawowa sabo. Mai suka yana ƙirga kalmomin gindi ya ce ai shida ne ko bakwai, an maimaita su sau talatin. Bai lura ba cewa ko da kalmomin ba su sauya ba, abin da ya gabace su ya sauya, don haka nauyinsu ma ya sauya.

A ce labarin Ayuba ake rerawa, kuma a ce gindin magana ce guda, cewa Ubangiji ba ya yasar da nasa. Ɗan farko yana lissafa arziki: tumaki 7,000, raƙuma 3,000, shanun huɗa, jakuna, 'ya'ya maza bakwai da mata uku. A wannan gaɓa amshin yana da sauƙin faɗa, kowa ma zai faɗe shi yana murmushi. Ɗa na biyu, mahara sun faɗo wa masu huɗa sun kore shanu da jakuna, sun kashe barori. Amshi ya dawo, kalmominsa na nan yadda suke. Na uku, wuta ta cinye tumaki. Na huɗu, Kaldiyawa sun kasu uku sun kwashe raƙuma. Na biyar, iska ta rushe gida a kan 'ya'ya goma suna cikin biki. Kowane ɗa ya fi wanda ya gabace shi ɗaci, kuma bayan kowane ɗaya ana bukatar mace ta buɗe bakinta ta sake faɗar abin da ta faɗa lokacin da komai ke lafiya, da murya iri ɗaya, a kan bugun tulu iri ɗaya. Kiɗan ba ya jira ta gama tunani. Ko ta shiga a kan lokaci, ko maƙwabciyarta ta ɗauke ta da murya har ta farfaɗo ta shigo a zagaye na gaba.

Littafin Ayuba kansa haka ya jera labarin: manzo na cikin magana wani ya iso. Wa'azi zai iya bayyana wannan a minti arba'in, ya kawo dalilai uku da ya sa mai bi ke shan wahala. Waƙar ba ta bayyana komai ba. Ta sa mutum ya aikata abin, ya riƙe furci ɗaya alhali labari na ta ɓaci. Aikin daɓe ne: bugu ɗaya ba ya komai, maimaicin ne ke mayar da ƙasa ta zama daɓen da ruwa ba ya kwarewa. Kuma macen da aka kore wa mijinta shanun huɗa a gefen Dajin Rugu ba ta bukatar a fassara mata ɗa na biyu. Maƙwabciyarta Musulma da ke jiyo kiɗan ta bayan danga ita ma ta san haƙurin Annabi Ayuba.

Wanda ya ce amshi mai layi ɗaya alamar rashin zurfi ne, sai ya je ya faɗa wa masoya Mamman Shata na Musawa, wanda ya yi shekaru yana gina manyan waƙoƙi a kan gindi guda gajere har ya rasu a 1999.

Yanzu a koma ga ayar masu suka. Aya ta 14 ta wannan sura ta bayyana su wane ne manyan da abinci mai tauri ya dace da su: waɗanda yawan aikatawa ya horar da hankalinsu har suna rarrabe nagarta da mugunta. Horo ta hanyar yi aka ambata, ba a ambaci yawan littattafan da mutum ya tara ba. Bulus ma a Kolosiyawa 3:16 ya sa waƙa cikin hanyoyin da masu bi ke koya wa juna da gargaɗin juna, a Titus sura ta 2 kuma ya ɗora wa tsofaffin mata tarbiyyar ƙanana. Zumuntar Mata ta haɗa umarnin biyu wuri ɗaya ba tare da ta kira taron bita ba.

Akwai kuma tsani a cikin tsarin, ko da yake ba a rubuce yake ba. Amarya sabuwar shiga takan zauna a baya, amshi kawai take yi, kunya ma ba za ta bar ta ta ɗaga murya ba. A hankali a miƙa mata caki. Wata rana mai bayarwa ta yanke ɗa a tsakiya, ita ce za ta karɓe ta ƙarasa, abin da ke nuna labarin ya zauna mata a ka. Sai ranar da uwar zumunta za ta dube ta ta ce, “Maman wane, ke za ki ba mu yau.” Bayarwa ba murya kaɗai take bukata ba. Dole ki san labarin a jere, ki san wadda ke zaune a gabanki da abin da ke damunta, ki san inda za ki yi ƙari ki sako halin da ake ciki a gari, da inda za ki kame bakinki don kada ta'aziyya ta koma tonon asiri. Macen da ta iya wannan ta san Littafi, ta san mutane, ta san iyakar harshenta. Ban da waɗannan uku, me ake nema a wurin dattijon ikkilisiya? Kuma idan an tashi ba gida ake wucewa kai tsaye ba. Akwai mai jego da za a yi wa barka, akwai gidan makoki, akwai gwauruwar da aka tara wa tiyar dawa. Abubuwa tara da Galatiyawa 5 ta lissafa a matsayin 'ya'yan Ruhu, daga ƙauna har kamun kai, duk a irin wannan zirga-zirga ake gane mai su.

Ba a ce zumunta ba ta da nata ciwon ba. Akwai waƙoƙin da habaici ne aka yi wa rigar aya. Akwai gasar anko a manyan taruka, wadda ke sa talaka ta ci bashi don kada a gan ta daban. Waɗannan a gyara su. Su kuwa masu auna girman ruhaniya da ƙarfin ihu a addu'a da yawan al'ajiban da aka yi shela a lasifika, ba su da abin cewa a nan. Ikkilisiyar Koranti ta fi kowa baye-baye, ita ce kuma Bulus ya kira jarirai.

Shekarun nan sun gwada kowace hanya a yammacin Katsina. A Fabrairun 2020 'yan bindiga sun kashe kimanin mutum 30 a Tsauwa da Dankar cikin ƙaramar hukumar Batsari, kuma wannan ɗaya ne kawai cikin hare-hare masu yawa. Mafi yawan waɗanda masifar ta ci Musulmi ne, don su ne mafi yawan jama'a, kuma ɗan bindiga ba ya tambayar addini kafin ya kore garke. A Satumban 2021 gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka taƙaita zirga-zirgar babura. Watanni aka yi a haka. Mai bin da abincin ruhunsa ke zuwa ta WhatsApp ya wayi gari tukunyarsa a kife. Fasto ba ya iya kai ziyara ƙauye. Wanda ya gudo cikin dare kuwa yara ya ɗauko, bai tsaya neman littafi ba. Abin da ya isa Katsina ko Dutsin-Ma tare da mace mai gudun hijira shi ne abin da ke kanta. Maƙwabta Musulmi sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke girmama mahaddaci.

Don haka ya kamata a faɗe ta a fili: babbar makarantar tauhidi ta ikkilisiyar Hausa ita ce ta matan nan, sauran makarantu rassa ne. Mazan da suka je Kagoro suka dawo da takarda, a bayan wata mai amshi suka fara jin sunan Yusufu da Rut da Daniyel. Duk da haka a sujadar Lahadi minti biyar ake ba matan, galibi lokacin baiko, mutane na ta laluben aljihu. Makarantun Littafi suna koyar da tsara wa'azi, amma da wuya ka ji an gayyato uwar zumunta ta koya wa ɗalibai yadda ake ɗora sura guda a kan gindi guda.

Barazanar da ta fi kusa ma ba bakin masu suka ba ce, saurayin nan ne mai kibod. Da kyakkyawar niyya yake zuwa ya taimaka wa iyaye mata. Sai ya kunna kiɗan da ke cikin na'ura, mai gudu ɗaya daga farko har ƙarshe, ya zaɓa musu muryar da yatsunsa suka saba da ita. Mai tulu tana kallon bakin mai bayarwa ne, idan ta ja ɗa ta ja da ita, idan ta tsaya yin ƙari ta rage hannu. Na'ura ba ta kallon kowa. Mai bayarwa takan daina ƙari don kada ta faɗi daga kiɗa, ɗiyan waƙa su ragu daga goma zuwa uku, lasifika ta danne 'yan amshin baya har su koma 'yan kallo. A majami'un birni da yawa an riga an kai nan, tulun yana jingine a bayan mumbari, kuma waƙar da ta rage ta zama daidai abin da matasan ke zargi, layi ɗaya da ake nanatawa babu labari a tsakani. A ƙananan majami'un ƙauye, inda kuɗin man janareta ya gagara, har yanzu mai tulu ce ke riƙe da kiɗan.