Camama da Gadon Taubasantaka

Masu raina camama magana guda suke maimaitawa: wai shirme ne, babu labari, babu darasi, sai ihu da guje-guje. Mai faɗin haka soyayyar Indiya yake nema a tsakar gidan Bahaushe, don haka ba zan tsaya jayayya da shi ba.

Tun kafin kaset ɗin bidiyo, Samanja da Kasimu Yero a talabijin ɗin Kaduna, da Karkuzu a Jos, sun share fage. Marigayi Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan, tsohon gandiroba, shi ya kai abin kasuwa, ya riƙe kambun har rasuwarsa a Disamban 2014. Amma Ibro bai taɓa cin kasuwar shi kaɗai ba. Kullum akwai wani a gefensa, ko Kulu, ko Yautai, ko Bosho. A kan wannan na gefen nake so a tsaya.

Ɗauki fitowar da ake yawan yi: zuwa gaida surukai. Saurayi ya aro babbar riga, ya ja abokinsa rakiya, tun a hanya yana gargaɗinsa kada ya buɗe baki. An shimfiɗa tabarma a zaure, an kawo tuwo. Kowa ya san ba a cin abinci gaban suruki, sai saurayi ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi Baba, a ƙoshe muke." Shi kuwa abokin tuni ya naɗe hannun riga, yana tambayar ko akwai man shanu. Saurayi ya mintsine shi ta ƙarƙashin riga, shi kuma ya ɗaga murya ya ce, "Me na yi kake mintsinina? Ba kai ka ce tun jiya ba ka ci komai ba?" Dariyar ba a faɗuwa take ba, ba a duka ba. Kunya ce aka ɗaure tamau, sannan aka kawo mutum guda da bai san da zamanta ba. Cire abokin, fitowar ta mutu, domin mai cika baki ba ya ba da dariya sai da mai tona masa asiri.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ke biyo baya. Sun fito suna zage-zage, an rantse an raba gari, amma fitowa ta gaba ga su tare suna ƙulla wata dabarar. Masu suka suna kiran wannan raunin labari. Ni kuwa taubasantaka nake gani tsagwaronta, irin wasan Fulani da Barebari, Kanawa da Zagezagi, jika da kaka: a yi ta tsiya, zumunci bai girgiza ba. A Nijar har UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin kayan gadon duniya a 2014, mu kuwa da ta fito a fim sai muka kira ta shirme.

Shi ya sa yawancin masu barkwancin TikTok ba sa gamsar da ni. Mutum ɗaya ne gaban waya yana murguɗa baki, babu wanda zai katse shi, babu wanda zai ce masa rigar nan ta aro ce. Furodusan da ke son farfaɗo da camama ya daina neman sabon Ibro, ya nemo mutum biyu da suka saba tsokanar juna tun kafin a kunna kamara.